Garin Gyaran Gira: Abin da Fedar Birki ke Faɗa Bayan an Sauya Diram da Faifai

Da hantsi, lokacin da lodi ya kankama a Kasuwar Singa da Kantin Kwari, tsofaffin motocin kaya ne ke cika titunan Fagge da Sabon Gari: Dyna, Canter, da a-kori-kura iri-iri waɗanda wasunsu sun girmi direbobinsu. Wanda ya zauna a gaban irin wannan mota zai lura da wata ɗabi'a. Kafin direba ya tsaya sai ya taka birki sau biyu ko uku, abin da ake kira yin famfo. Abin mamaki shi ne, a cikin motocin da ake yi wa famfon har da waɗanda aka kashe wa kuɗi aka cire musu birkin diram na gaba aka sa na faifai, da nufin birkin ya ƙara kamawa. Mai mota ya biya don samun natsuwa, sai ya tashi da fedar da ko dai ta nutse har ƙasa, ko ta ƙage kamar dutse.

A nan akan ɗora laifin a kan faifan, a ce bai dace da tsohuwar mota ba, ko a ce ɗan Beljiyam ɗin da aka sayo ne ya gaji. Sau da yawa ba haka ba ne. Birkin mai, wanda ƙananan motocin kaya ke amfani da shi, saɓanin birkin iska na tirela, tsari ne guda da aka auna sassansa da juna tun daga masana'anta. Duk wanda ya sauya ɓangare ɗaya ya sauya lissafin duka. Don haka sauya diram da faifai sake ƙera birki ne, kuma wanda ya yi rabin aikin ya bar mota a halin da ya fi na da haɗari.

Shi kansa faifan alherinsa ba ya ɓuya. Yana fili, iska na sanyaya shi, ruwa ba ya kwanciya a kansa, kuma ba ya buƙatar a riƙa daidaita shi da hannu. Motar Jaguar ta ci tseren Le Mans na 1953 da shi, Citroën DS ta fito da shi kasuwa a 1955, daga nan ya mamaye ƙafafun gaba na motoci. Sai dai yana da sharuɗɗa biyu da diram ba shi da su. Na farko, fistin ɗin kalifa, wato ƙarfen da ke cafke faifan, ya fi ƙaramar silindar diram faɗi nesa ba kusa ba, don haka ya fi shan mai. Na biyu, diram yana taimakon kansa, domin juyawarsa na ƙara jan takalmin birki ya manne, shi kuwa faifai sai ƙarfin da aka ba shi. Daga waɗannan biyun ne yawancin matsalolin feda ke tasowa, kuma kowace matsala da irin alamarta.

Alama ta farko ita ce feda mai laushi kamar soso, wadda kan taso idan an yi famfo. Wannan iska ce ta maƙale a cikin bututu, domin mai ba ya matsuwa amma iska na matsuwa. Akan ga makanike ya ƙarar da gwangwani biyu na mai yana fitar da iska ba ta ƙare ba. Dalilin sau da yawa ƙarami ne: an sa kalifar dama a hagu, ta hagu a dama. Duk za su ɗauru daidai, amma ƙofar fitar da iskar sai ta koma ƙasa, ita kuwa iska sama take taruwa. Haka kuma sabuwar masta, uwar silindar da feda ke turawa, tana buƙatar a fitar mata da iska tun kafin a ɗaura ta. Tsohuwar tiyo mai kumbura ma kan ba da irin wannan laushi.

Ta biyu ita ce fedar da ke tafiya nesa kafin ta kama, ko da babu iska. Nan lissafin Blaise Pascal na ƙarni na 17 ke aiki. Mastar da aka ƙera don diram ba lallai ta tura isasshen mai a taku ɗaya ba, sai feda ta kusa taɓa ƙasa. Wani lokaci kuma takalman diram na baya ne suka yi nisa da bangonsu, ko sandar da ke tsakanin busta da masta ta gaza tsawo. Idan kuwa an riƙe feda tana zurmawa a hankali, ba a ga yoyo a ko'ina ba, to robar cikin masta ce ta mutu, mai na zagayewa ta bayanta.

Ta uku ita ce feda mai tauri wadda mota ba ta jin ta. Yawanci maganin matsala ta biyu ne ya wuce gona da iri: an sayo babbar masta. Idan aka tashi daga mai faɗin milimita 25 zuwa mai 28, matsin da ƙafa ɗaya za ta haifar zai ragu da kimanin kashi 1 cikin 5. Feda za ta taso sama, direba ya ji daɗi a gareji, amma ƙarfin cafka ya ragu. Sai kuma batun busta, gangar da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi ta hanyar zuƙar iska. Injin fetur na ba ta wannan zuƙa da kansa, injin dizal kuwa sai da ɗan famfo na musamman, wanda a tsofaffin motocin Japan da dama yake manne a bayan altaneta. Idan famfon ya raunana ko tiyonsa ya tsage, busta ta zama kwalliya. Gwajinta mai sauƙi ne: a kashe inji, a taka feda sau da yawa, a riƙe ta, a tayar da inji. Idan ta ɗan sauka, busta na aiki.

Ta huɗu ita ce birkin da ke riƙe ƙafa bayan an saki feda, faifai ya yi zafi, ƙauri ya tashi. Mastocin diram da yawa na ɗauke da ɗan bawul da ke barin matsi kusan psi 10 a bututu. Sifirin ɗin diram ya fi ƙarfin wannan matsi, kalifa kuwa ba ta da irin sifirin ɗin, sai ta zauna a cafke. Sandar busta da ta yi tsawo ma haka take yi, domin tana toshe ramin da mai ke komawa. Zafin kuma yakan tafasa man. Sabon DOT 3 na jure digiri 205, amma idan ya sha danshi ma'auninsa kan sauko zuwa 140. Wanda ya zuba man inji a madadinsa ya riga ya gama da robobin.

Akwai kuma haɗarin da feda ba ta faɗa sai ranar tsautsayi. Faifai na son matsi mai yawa, wannan matsin kuwa yana iya kulle diram na baya tun gaba bai gama kamawa ba, musamman idan bodin mota babu kaya. Ƙafafun baya in sun kulle, mota juyawa take yi. Bawul mai raba matsi tsakanin gaba da baya shi ne maganin, kuma shi ne abin da aka fi mantawa da shi, domin ba ya ɗaukar ido a kan tebur.

Masu wannan sauyi suna da hujja, kuma ta cancanci sauraro. Kayan diram na wasu tsofaffin motoci sun yi wuya, sabuwar mota ta gagari ɗan kasuwa matsakaici, kuma hikimar makanikan Kano ce ta sa motocin da ƙasashen da suka ƙera su suka manta da su ke ciyar da iyalai har yau. Duk wannan gaskiya ne. Matsalar tana cikin yadda ake sayayya. A shagunan titin Faransa da Kasuwar Ƙofar Ruwa, ƙarfe ɗai-ɗai ake ciniki: kalifa daga wannan mota, masta daga waccan, ma'aunin kuwa shi ne ko kusoshi sun shiga. Shigar kusa ba ta nuna cewa lissafin mai ya yi daidai. Mai mota kuma, wanda sau da yawa ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin da ya sa jarinsa a harkar sufuri, yakan ce a fara da faifan, saura daga baya. Shi ba ya cikin motar ranar da za ta gangaro daga gadar sama ta titin Murtala Muhammad ta tarar da cunkoson Adaidaita Sahu da 'yan dako a 'Yan Kura. Wanda ya yanke kasafin yana da kaso a alhakin, ba yaron gareji kaɗai ba.

Abin da ya kamata a bayyane yake. A ɗauko kalifa, masta, busta da bawul daga mota guda mai nauyi irin na wadda ake gyarawa. A zaɓi masta mai ɗaki biyu, wadda Amurka ta wajabta tun ƙarshen shekarun 1960, domin idan layi ɗaya ya fashe ɗayan ya tsayar da mota. A sabunta tiyo da mai, a gwada motar a fili, babu kaya sannan da kaya. Jami'an VIO da na Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ya dace su ɗauki birkin da aka sauya a matsayin abin da sai an auna shi kafin a sabunta takarda. Wanda kuɗinsa bai kai cikakken aiki ba, gara ya gyara diram ɗinsa da kyau ya jira. Motar da sai an yi mata famfo kafin ta tsaya ba ta gama gyara ba, komai sabuntar faifanta, kuma wurinta gareji ne har sai taku ɗaya ya ishe ta.