Ba a kiwon kare ranar farauta

A ƙauyukan Agye da Gazawa da Gidan Rumji, ba wuya a ga yara sun ɗauko ɗan kwikwiyo daga gidan maƙwabta. Su ɗaura mashi igiya a wuya, su yi ta jan shi cikin gari suna murna. Kwana biyu, kwana uku, wasan ya ishe su. Daga nan sai a bar shi ya nemi na kanshi. Ya ci a juji, ya sha a kwata, ya kwana a kango. In ya shiga gida a ce mashi «as!», in ya fita waje a bi shi da jifa. Kafin shekara ta kewayo, ya zama karen da ba mai shi.

Wannan ba daidai ba ne. Wanda ya ɗauki ɗan kwikwiyo ya ɗauki amana. In ya san ba zai iya riƙonta ba, gara tun farko ya bar shi wurin uwarshi.

Amfanin kare

Kare ma'aikaci ne da ba a biyan shi albashi. Da dare, mutane suna barci, shi yana tsaron rumbun gero da garken awaki. Kunnenshi da hancinshi sun fi na mutum nisa, shi ya sa yake jin motsin ɓarawo ko na dila tun ba su iso ba. Makiyayan da ke bin burtali, da masu kiwo kusa da dajin Ɗan Kada Dodo, da masu garka a bakin Gulbin Maraɗi wajen Tsibiri, duk sun san darajar kare mai kirki. Amma kare ba ya zama mai kirki don kanshi. Hausawa sun ce ba a kiwon kare ranar farauta. Abin da aka yi mashi yana ƙarami, shi zai rama in ya girma.

Renon ɗan kwikwiyo

Karya tana ɗaukar ciki wajen kwana 63. Ƴaƴanta suna zuwa duniya ido rufe, ba su buɗewa sai bayan kwana 10 zuwa 14. Bai kamata a raba ɗan kwikwiyo da uwarshi ba sai ya cika wata 2. Nonon uwa yana ba shi ƙarfi, yana kare shi daga cututtuka. Wurin uwarshi da ƴan'uwanshi kuma yake koyon wasa ba tare da mugun cizo ba.

In an kawo shi gida, a ware mashi kaskonshi biyu, ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa. Kada ya ci ko ya sha cikin kwanon mutane. Cikinshi ƙarami ne, sai a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, sau 3 ko sau 4 a yini: kunu, ko fura da nono, ko tuwo mai taushi. Babban kare kuwa, sau 2 ya ishe shi. Hatsi kaɗai ba ya riƙe kare. Yana bukatar ɗan nama ko kifi ko ƙwai in an samu. Kada a ba shi dafaffen ƙashin kaza, don yana tsagewa ya soke mashi maƙogwaro ko hanji. Albasa ma tana ɓata mashi jini.

Ruwa da inuwa su ne rabin ranshi. Kare ba ya zufa a jiki kamar mutum. In zafi ya dame shi, sai ya fidda harshe yana haki. Saboda haka ɗaure kare cikin rana da bazara, ba ruwa kusa da shi, zalunci ne, kuma yana iya kashe shi.

Horo

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A sa ma ɗan kwikwiyo suna gajere, kowa a gidan ya riƙa kiran shi da shi. In an kira ya zo, a shafa kanshi, a ba shi ɗan ƙanzo. Da haka zai koyi «zo», da «zauna», da «bari». Darasin kada ya yi tsawo, minti kaɗan kowace rana ya isa. In ya yi kuskure, a tsawata mashi nan take. Bayan awa guda ba zai gane laifin da ya yi ba.

Tun yana ƙarami a saba mashi da kaji da awaki da jakai da mutanen gida. Karen da ya tashi cikin bisashe ba ya farautar su, tsaron su yake yi.

Waɗansu suna cewa sai an bar kare da yunwa, an sha dukan shi, kana ya yi zafi. Wannan kuskure ne. Yunwa sata take koya mashi, duka kuwa tsoro. Kare matsoraci ba ya bambanta ɓarawo da ɗan maƙwabta, kowa ya matso sai cizo. Haka kuma yaron da ke cuna kare ga almajirai ko baƙi don dariya, masifa yake renon ma gidansu.

Haukan kare

Babban dalilin kula da kare shi ne wata cuta da ake kira haukan kare. Ƙwayarta tana cikin yawun dabbar da ta kamu, tana shiga jikin mutum ta cizo ko yakushi, ta bi jijiyoyi har ƙwaƙwalwa. Sau da yawa ba ta bayyana sai bayan wata 2 ko 3, lokacin da miki ya warke, kowa ya manta. In kuwa ta bayyana, marar lafiya ya fara tsoron ruwa, to, da wuya ƙwarai ya tashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum wajen 59.000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya. Cikin mutum 10 da ta kashe, wajen 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Kusan dukansu daga kare suka ɗauka.

Amma akwai rigakafi. A shekarar 1885, a Faransa, wani masani mai suna Louis Pasteur ya gwada allurar da ya ƙago a kan Joseph Meister, yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza. Yaron ya rayu. Yau akwai allurar mutane, akwai ta karnuka. Ana yi ma ɗan kwikwiyo tashi in ya kai wata 3, a riƙa sabunta ta yadda likitan dabbobi ya ce. Masana sun nuna cewa in an yi ma kare 7 cikin 10 allura a gari, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. A Agye da Gazawa da Gidan Rumji akwai ma'aikatar kiwo. Can ya kamata mai kare ya tafi ya tambayi allura, da maganin tsutsar ciki, da na kaska da ƙuma. Kada a wanke kare da maganin ƙwarin gona, guba ne gare shi da mai wankin.

Yaron da kare ya ciza, kada ya ɓoye don tsoron faɗa. Ya gaya ma manya nan da nan. A wanke wurin da ruwa mai yawa da sabulu har minti 15, kana a kai shi gidan likita a ranar, ko da mikin ƙarami ne. Toka ko barkono ko ƙonannen gashin kare ba su kashe ƙwayar cutar. Karen kuma a tsare shi wuri guda, a sanar da likitan dabbobi, a sa mashi ido kwana 10 zuwa 15.

Masu cewa kare ba abin kula ba ne

Akwai masu cewa kare ƙazami ne, bai cancanci wahalar kowa ba. Gaskiya ne ba a son shi cikin ɗaki, ko wurin salla, ko kusa da tukunya. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu kafin ya ci abinci. Amma tsabta daban, mugunta daban. Malamai sun yarda da ajiye kare don tsaron dabbobi da gona da kuma farauta. Suna kuma ba da labarin mutumin da Allah ya gafarta mashi saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa.

Waɗansu kuma suna cewa, shekarar da damina ba ta yi kyau ba, mutane ma ba su ƙoshi ba, balle kare. Maganarsu tana da hujja. Amma ba wanda aka tilasta ma ɗaukar kwikwiyo. Gidan da zai iya ciyar da kare ɗaya, kada ya tara uku. Karen da aka saka ba ya ɓacewa, yana nan cikin gari yana yawo, kuma ba a san ɗan wa zai gamu da shi a hanyar makaranta ba.

Saboda haka, kafin yaro ya ɗauko ɗan kwikwiyo, ya nemi izinin iyayenshi, kuma a san wanda zai ba shi abinci, da inda zai kwana, da wanda zai kai shi allura. In an samu amsar waɗannan uku, a ɗauko shi. In ba a samu ba, a haƙura.

Tambayoyi

1. Don mi ba a raba ɗan kwikwiyo da uwarshi kafin ya cika wata 2?
2. Mi yunwa da duka suke koya ma kare?
3. Ta yaya haukan kare yake shiga jikin mutum?
4. Waɗanne abubuwa za a yi in kare ya ciji yaro?
5. Mi ake nufi da «ba a kiwon kare ranar farauta»?

Aiki

Kowane ɗan makaranta ya ƙidaya karnukan unguwarsu. Nawa ne suke da masu su? Nawa aka yi ma allura? A kawo lissafin cikin aji.