Kada Mu Jefar da Tsohon Gilashin Kyamara

Yana damuna in ga masu hoto a Illela suna watsi da gilasan kyamara na zamanin fim, waɗanda ake murzawa da hannu har hoto ya fito tas. Nikon ta riƙe bakin haɗinta na F tun 1959, shi ya sa gilashin shekaru arba'in ke hawa kyamarar dijital mai wannan bakin lafiya lau; Canon kuwa ta sauya nata a 1987, tsohon gilashinta sai da mahaɗi. Ranar Lahadi a kara, shanun Konni na tada ƙura, na'urar da ke daidaita hoto da kanta takan rikice, amma yatsa ya san inda idon bijimi yake. Illar tsohon gilashi ɗaya ce: mai jawo nesa kusa ta hanyar tura shi da hannu yana zuƙar ƙurar hunturu. A naɗe shi da ƙyalle.