Masu Hilux na Harobanda, santimita biyar sun isa

Da zarar ruwan Agusta ya kankama a Yamai, garejin Harobanda sai su cika da masu neman a ɗaga musu mota. Mai Hilux ya kwana biyu yana jin ƙasan motarsa na gurzar ƙasa a layin gidansu a Banga Bana ko Karaje, ko kuma ya ga maƙwabcinsa ya sa manyan tayu motar ta miƙe kamar raƙumi, sai ya je wurin makanike ya ce shi ma haka yake so. Ban ga laifin kowa ba. Wanda ya san yadda yashi ke gangarowa daga tsaunukan bayan Sagiya ya kwanta a kan kwalta bayan ruwan dare ɗaya, da yadda lungunan Kirkisoye ke komawa fadama, ba zai yi wa mai wannan buri dariya ba. Amma ra'ayina shi ne motar da kake shiga kullum, ka kai yara makaranta, ka tsallaka gadar Kennedy zuwa aiki, ka ɗauko buhunan shinkafa ranar Asabar, ba ta buƙatar ɗagawar da ta wuce santimita huɗu zuwa biyar. Da yawa ma daga cikinsu ba ɗagawa suke buƙata ba, a maida su tsayinsu na asali kawai.

Wannan batu na biyu ne aka fi tsallakewa. Galibin a-kori-kurar da ke yawo a wannan gaɓa ta kogi sun sha duniya kafin su shigo hannun masu su na yanzu. Wasu na ƙungiyoyin agaji ne da aka yi gwanjonsu, wasu sun yi shekaru suna dakon siminti da bulo. Resor ƙarfe ne, yana gajiya. Ganyayen baya da aka ƙera da lanƙwasa sai su miƙe su kwanta, na gaba su zauna. Mai mota yana ganin motarsa gajera ce, alhali zama ta yi. Gwajin ba ya cin ko dala: a tsayar da ita a shimfiɗaɗɗen wuri babu kaya, a ɗauki mita a auna daga tsakiyar ƙafa zuwa bakin ƙarfen da ke saman taya, a duka kusurwoyi huɗu, sannan a nemi wata irinta mai lafiya a auna a kwatanta. In ka samu taka ta yi ƙasa da santimita uku, to sabon resor na asali da sabon amotisa sun ba ka ukun nan, ba tare da ka taɓa komai a lissafin da injiniyoyin Toyota suka yi ba.

To, a ce motar lafiya lau take, kuma har yanzu kana son ƙari. Me ɗagawar take ɗagawa? Nan ne ake sayar wa mutane abin da ba shi ba. Hilux ɗin da aka fara ƙerawa daga 2004, wadda muke kira Vigo, da wadda ta biyo ta a 2015, ƙafafunta na gaba kowace cin gashin kanta take yi, baya kuwa gatari ɗaya ne a ƙarƙashin ganyayen resor. In ka ɗaga ta, shasi ya hau, bamba ta hau, cikin motar na gaba ya hau. Amma tulun pon na baya, wannan dunƙulen ƙarfe da ke tsakiyar gatari, yana nan inda yake, domin a kan tayu yake zaune. Shi ne kuma ke fara karo da tudun da ke tsakiyar hanya idan manyan motoci sun haƙa sawu biyu a laka. Land Cruiser 79 ma ta fi haka, tunda gaba da baya duk gatari ne, babu tulun da zai motsa ko ka ɗaga ta kamu guda. Abin da ke ɗaga tulun pon taya ce kaɗai, ita ma da rabin girman da aka ƙara mata. Taya mai lamba 265/65R17 tsayinta milimita 776 ne, mai 265/70R17 kuwa 803. Bambancin 27 ne, abin da ka samu a ƙasa bai kai santimita ɗaya da rabi ba. A madadinsa agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya da kusan kashi uku cikin ɗari, motar ta ɗan yi nauyin tashi, birki ya ƙara aiki, gazuwal ya ƙara tafiya. Wannan ƙaramin ƙari ke nan. Ka ƙiyasta abin da manyan tayun nan na ado suke ci.

Dalilin da ya sa na tsaya a kan biyar yana gaban motar. Kardan biyu ne ke kai ƙarfi daga pon na gaba zuwa ƙafafu, kuma an yi su ne su yi aiki kusan a miƙe. Kana ɗaga shasi, suna karkata. A santimita huɗu ko biyar suna jurewa. Daga nan zuwa sama robar da ke rufe gaɓarsu takan fara cin kanta, ta tsage, giris ya fita, ƙura ta shiga. Ƙurar Yamai kuwa ba sai an yi wa kowa bayaninta ba, daga hunturu har bazara. Rotil na sama shi ma yakan kai ƙarshen juyawarsa, paralelizim ya ƙi daidaituwa, tayu su riƙa cinyewa ta gefe ɗaya. Akwai kuma abin da ba a gani sai an hau: ƙafar gaba tana da iyakar nisan da za ta iya sauka. Duk santimitan da ka ƙara a tsayi, daga wannan rabon ka cire shi. Shi ya sa za ka ga mota doguwa tana faɗawa ƙaramin rami da ƙara kamar an buga guduma. Ba banza ba ne a Ostareliya, inda Old Man Emu da Ironman 4x4 suka fito, kayan da ake yi wa Hilux ta yau da kullum yawancinsu a milimita 40 zuwa 50 suke tsayawa. Wanda ya haura haka sai ya shiga canza hannuwan sama da sauke pon, aiki ya koma wani abu dabam.

Sai yadda za a yi ɗagawar. Hanya mafi araha ita ce a cusa zoben ƙarfe ko na roba a saman amotisa na gaba, a baya kuma a sa dogayen maratayan resor ko a ɗora ganyayen a kan dunƙulen ƙarfe. Mota za ta hau, ido zai gamsu. Sai dai tsohon resor da tsohon amotisa suna nan da gajiyarsu, an dai yi musu takalmi mai tsini. Kuma a gaba, saboda yadda hannun ƙafar yake aiki kamar maɗauki, zobe mai kaurin santimita biyu da rabi yakan ba da kusan ninkinsa a tsayi. Makaniken da bai san wannan ba, ka ce masa biyar, ya yanko zoben biyar, ka fita da abin da ya kusa goma. Masu tsofaffin Hilux na kafin 2005, waɗanda gabansu sandar murɗawa ce, su kuma ƙusa ɗaya ake ɗaurewa motar ta tashi kyauta. Kyautar ce ke sa a wuce gona da iri, gaba ya sandare kamar amalanke.

Maƙeranmu suna da tasu dabarar, kuma ban raina ta ba: a ƙara ganye ɗaya a baya, ko a kwance ganyayen a sake lanƙwasa su da guduma. Ga mai dakon kaya kullum, ƙarin ganye yana da ma'ana. Sake lanƙwasawa kuwa jinkirta magana ne, ƙarfen da ya gaji zai koma ya kwanta. Abin da ba zan yarda da shi ba ko kaɗan shi ne a sa wa resor wutar walda don ya yi laushin lanƙwasuwa. Ƙarfen da aka gasa haka ya rabu da taurin da aka ba shi a masana'anta, ranar da zai karye ba zai yi sallama ba.

In da hali, resor da amotisa da aka yi su tare, don wannan motar, su ne zaɓi. A nan ma akwai tarko, kuma girman kai ne ke jefa mutane ciki. Masu ƙera su suna rarraba resor gwargwadon nauyin da ke kan mota dindindin: babu kaya, ko kilo ɗari biyu zuwa uku, ko fiye. Kowa sai ya ce a ba shi mafi ƙarfi. Malamin Jami'ar Abdou Moumouni da bayan motarsa ba ya ganin komai sai ragon Layya sau ɗaya a shekara, me zai yi da resor na mai dakon bulo? Bayan motar zai riƙa tsalle a kan gargada, tayu suna rabuwa da ƙasa, a kwana kuma ta nemi juya masa baya. Ka faɗa wa mai sayarwa gaskiyar abin da kake ɗauka ranar Talata, ba abin da kake mafarkin ɗauka ba. Kuma ka yi tunanin gobe. Tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, abin da babu shi a shagon Yamai jiransa ba na mako ɗaya ba ne. Amotisa mai suna da ba za ka samu ɗan'uwansa ba idan ɗaya ya fashe, ya fi zama ado da amfani.

Akwai wata magana da nake ji a majalisa, wai an ɗaga mota saboda ruwa. Wannan ce ta fi tayar mini da hankali. Mutanen Harobanda sun san ruwa. A Satumbar 2020 kogin Isa ya kai wajen santimita 700 a ma'aunin Yamai, ya fasa shingen Lamorde, unguwanni suka nutse. Abin da ya cinye gidaje, santimita biyar ba za su ce masa komai ba. Toyota da kanta ta ce Hilux ta yanzu tana iya ratsa ruwa mai zurfin milimita 700, amma ruwan da yake tsaye ake nufi, a hankali, da ƙasa mai ƙarfi. Kori ba haka yake ba. Hukumar yanayi ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 yana iya tafiya da ƙaramar mota, 60 kuwa har da manyan katkat. Korin Kurtere in ya taso ba ya tambayar wane resor ka sa. Ga kuma ƙananan bututun numfashi na pon da na akwatin giya, waɗanda ke zuƙar ruwa idan ƙarfe mai zafi ya shiga sanyi. Na baya a kan gatari yake, ɗagawa ba ta kai shi ko'ina ba. Ɗan tiyo da za a ja shi sama ya fi amfani a nan, kuma kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba. A yashi ma haka, rage iskar taya ya fi tsayi fitar da mutum.

Tsayi kuma yana da farashin da ba mai mota kaɗai ke biya ba. A-kori-kura dama doguwa ce, nauyinta a sama yake. A 2016 mujallar motoci ta Suwidin, Teknikens Värld, ta gwada sabuwar Hilux da kauce wa abu ba zato a gudun kilomita 60, ƙafafunta biyu suka bar ƙasa, saura ƙiris ta kife. Wannan ba a ɗaga ta ba. Yanzu ka tuna me ake kauce wa tsakanin bakin gadar Kennedy da asibitin Lamorde da magariba: ɗalibai a ƙafa, 'yan kabu-kabu, faba-faba da ke tsayawa inda ta ga dama, amalanken jaki babu fitila, wani lokaci har raƙumi da lodin tabarmi. Bambar da ta hau sama ƙirjin yaro take samu maimakon ƙafarsa. Fitilun da suka hau tare da motar, in ba a sauke su ba, cikin idon mai babur suke. Da wuya ka ji wanda ya ɗaga motarsa ya ce ya koma an daidaita masa fitila, alhali aikin minti goma ne a gaban bango.

Wani abu ɗaya da ko makanikai sukan manta: tsofaffin Hilux marasa ABS suna da wani bawul a baya, haɗe da gatari ta siririn ƙarfe, wanda ke auna nauyin kaya ya raba ƙarfin birki. Kana ɗaga bayan motar sai ya ɗauka babu kaya, ya rage birkin baya, ko da ka loda mata buhu goma. Dole a gyara mazauninsa daidai da tsayin da aka ƙara. A duba tiyon birki ma kada ya ɗame idan ƙafa ta sauka. Bayan an gama a yi paralelizim a ranar, sannan a koma bayan kilomita ɗari biyar zuwa dubu a sake ɗaure ƙusoshin da suka riƙe ganyayen resor da gatari, domin sababbi sukan saki in sun zauna. Makaniken da ya kawo maka zancen bawul ɗin nan tun kafin ka tambaye shi, shi za ka bar wa makullin motarka.