Ba Da Mudu Ɗaya Ake Auna Masu Neman Rance Ba

Tambaya ɗaya ce kowane banki yake yi kafin ya ba da rance, wato daga ina kuɗin biya za su fito? Amsarta ta bambanta gwargwadon mai nema, kuma a nan ne bankuna da dama suke tafka kuskure.

Idan babban kamfani ne, banki yakan duba littattafansa da akantoci suka tantance, ya kwatanta ribarsa da bashin da ke kansa. Ma'aikaci albashinsa ne madogara, ana zare wani kaso kowane wata. Gwamnatin jiha kuwa ana duba kasonta daga asusun tarayya da harajin da take tarawa.

Matsalar takan taso ne idan ɗan kasuwar Dawanau a Kano ko na Mile 12 a Legas ya shigo. Ba shi da akanta, sau da yawa kuma ba shi da takardar shaidar mallakar fili, wadda ko jinginar da ita sai da amincewar gwamna bisa Dokar Filaye ta 1978. Abin da ya kamata a auna shi ne saurin juyawar hajarsa, da kuɗin da ke ratsa asusunsa, da shaidar waɗanda suka saba ba shi kaya bashi. Manomi kuma sai da kaka yake ganin kuɗi. Duk bankin da ya ɗora masa biyan wata-wata tun damina, shi ya shirya masa kasawa.

Doka ta riga ta buɗe hanya. Tun 1977 akwai asusun da ke lamunce wa bankuna har kashi 75 cikin 100 na rancen noman da aka kasa biya, kuma dokar 2017 ta amince a jinginar da injina, haja da dabbobi.

Babban suna ma ba ya biyan bashi. Bankuna 26 da aka rufe a Janairun 1998, basussukan da aka bai wa daraktoci da makusantansu na daga cikin abin da ya durƙusar da su.

Saboda haka wajibi ne bankuna su horar da ma'aikatan da suka san kasuwa da gona. Su kuma 'yan kasuwa su riƙa rubuta ciniki a littafi, suna ajiya a banki, domin abin da ba a rubuta ba manaja ba zai iya aunawa ba.