Wa Ya Ce Miskili Ya Fi Mahaukaci Ban Haushi?

Jama'a, akwai wani karin magana da ya kamata a gurfanar gaban alƙali, wato "miskili ka fi mahaukaci ban haushi". Da shi muke yanke wa duk mai shiru-shiru hukunci tun bai buɗe baki ba. In ya keɓe da littafinsa mu ce girman kai ne. In ya ƙi shiga musu mu ce macijin ƙaiƙayi ne. To, mu dai ba mu yarda ba.

Tun a 1921 Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, ya bayyana cewa hankalin wasu mutane waje yake fuskanta, na wasu kuwa ciki. A 1967 Hans Eysenck ya ƙara da hasashen cewa ƙwaƙwalwar mai shiru-shiru ta fi saurin farkawa, shi ya sa hayaniyar da ke wartsakar da wani take gajiyar da shi. Ashe ba cuta ba ce, ba kuma tsoron mutane ba ne. Halitta ce.

Abin takaici, mu malaman jami'a muna sahun gaba a wannan zalunci. Mukan ware maki domin "magana a aji", sai mai zaƙin baki ya kwashe, ɗalibar da ta kwana tana nazari ta tashi a tutar babu. Haka nan wajen ganawar ɗaukar aiki da zaman kwamiti: wanda ya fi ɗaga murya shi ne haziƙi. Alhali fassara, da gyaran rubutu, da haɗa ƙamus duk aikin mai jure zaman kaɗaici ne.

Wani zai ce zamani na masu baki ne, wanda bai tallata hajarsa ba ya koma da ita gida. Gaskiya ne, ya wajaba mai shiru ya koyi bayyana ra'ayinsa. Amma mai sauraro fa, ba shi da nasa aikin? Sa'ad da Kirk-Greene ya zayyana siffofin mutumin kirki a wajen Hausawa a 1974, ya ambaci haƙuri da hankali da kunya. Surutu ba ya ciki.

Saboda haka, a raba ajandar taro tun da wuri, a karɓi ra'ayi a rubuce, a jira amsa ko da na minti ɗaya ne. Magana zarar bunu ce. Wanda ya auna kafin ya zara bai cancanci horo ba.