Tun Ran Gini Ran Zane: Darasin Abuja Ga Masu Tsara Sababbin Garuruwa

Gabatarwa

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Ko da yake matafiyi aka yi wa wannan karin magana, ya fi dacewa da hukumar da ta ƙudura kafa sabon gari, ko sabuwar unguwa, ko masana'anta. Ginin gidaje da ofisoshi shi ne abu mafi sauƙi cikin irin wannan aiki. Abin da ke da wuya shi ne tanadin ruwan sha, da hanyoyi, da magudanai, da makarantu, da asibitoci, da kasuwanni, tun kafin jama'a su iso. Babu inda wannan magana ta fi fitowa fili a Nijeriya kamar Abuja, domin birni ne da aka zana shi a takarda tun ba a aza tubali ko ɗaya ba, amma duk da haka bai tsira daga ciwon da aka gudo wa a Ikko ba.

Yadda Aka Faro

A shekarar 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda, don ya duba ko Ikko za ta iya ci gaba da zama babban birnin ƙasa. A lokacin nan Ikko ta cika ta batse. Ruwa ya kewaye ta, babu filin faɗaɗawa, motoci kan yini a kan titi, jiragen ruwa ɗauke da siminti kuwa suna watanni a bakin tasha ba a sauke su ba. Kwamiti ya ba da shawarar a koma tsakiyar ƙasa. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Murtala ya sanar da haka, aka kuma yi Doka ta 6 wadda ta kafa Yankin Birnin Tarayya da hukumar raya shi. Aka yanko ƙasa mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara. Tsohon garin Abuja ya ba da sunansa ga sabon birni, shi kuma ya koma Suleja.

A 1979 aka miƙa wa gwamnati babban tsarin birnin. Tsarin nan bai yi sakaci da lissafi ba. Ya ƙiyasta mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, da kuma miliyan uku da 'yan kai idan birnin ya kammala. Ya raba aikin mataki-mataki, aka fara da Garki da Wuse da Maitama da Asokoro da tsakiyar birni. Ya ware wa kowace unguwa makarantarta da asibitinta da kasuwarta, ya kuma keɓe hanyoyi na musamman domin motocin haya da jiragen ƙasa. Ranar 12 ga Disamba 1991 Janar Ibrahim Babangida ya mayar da fadar gwamnati can. To, idan tsari ya yi kyau haka, ina gizo ya yi saƙa?

Inda Aka Yi Tuntuɓe

Abu na farko shi ne, an yi wa manya lissafi, an manta da masu yi musu hidima. Duk inda aka ajiye babban sakatare ɗaya, sai an sami direba, da masinja, da mai gadi, da mai wanki, da mai sayar da abinci, da birkila, da tela, kowannensu kuma da iyalinsa. Waɗannan su ne mafi yawan jama'ar kowane birni, amma kuɗin haya a Wuse ko Garki ya fi ƙarfinsu. Nyanya da aka gina a matsayin sansanin leburori na ɗan lokaci, sai ta zama gari na dindindin. Haka Karu da Kubwa da Mpape da Lugbe suka tumbatsa, gidaje suna ta tsirowa alhali famfo da kwalta da lambatu ba su iso ba. Ma'aikacin da ke share ofishin da ruwa ke gudu a cikinsa dare da rana, idan ya koma gida sai ya jira ɗan ga-ruwa da kurarsa ta jarkoki.

Abu na biyu, tsarin ya tsaya a kan iyaka, jama'a kuwa ba su tsaya ba. Mararraba da Masaka suna cikin Jihar Nasarawa, Madalla da Suleja kuma cikin Jihar Neja. Mazaunansu da yawa a Abuja suke aiki, can ƙarfinsu ke ƙarewa, amma nauyin makarantar 'ya'yansu da asibitin matansu da kwashe shararsu yana kan ƙananan hukumomin da ba su da ƙarfin ɗaukarsa. Hukumar birni ta ce ba huruminta ba ne, jiha ta ce ba ita ta kira su ba. Sakamakon haka kowa ya gan shi a kan hanyar Keffi zuwa Abuja, inda tafiyar da ba ta wuce rabin sa'a ba kan ci sa'a biyu ko fiye da safe da maraice. Wannan asara ce ta lokaci da mai da lafiya, kuma talaka ne ke biyan ta kullum.

Abu na uku, an bar rabon fuloti ya riga kayan more rayuwa. Takardar fili abu ce mai sauƙin sa hannu, kuma tana faranta wa wanda aka ba rai. Shimfiɗa bututun ruwa daga madatsar Usuma zuwa sabuwar unguwa kuwa sai kuɗi da shekaru. Saboda haka aka yi ta raba filaye a unguwannin da ba su da titi, kowane mai gida ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sayi janareta, ya haƙa masai. Abin da ya kamata a yi sau ɗaya domin kowa, sai ya zama kowa ya yi nasa da tsada. Wasu kuma suka yi gini a kan hanyar ruwa da filayen da aka keɓe. Da aka tashi gyara tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan birnin, sai da aka rushe gine-gine masu yawa, mutane da dama suka rasa matsuguni. Icen da ba a tanƙwara yana ɗanye ba, in ya bushe sai karyewa.

Batun jirgin ƙasa ma haka yake. Yana cikin tsarin 1979, amma ba a buɗe kashinsa na farko ba sai 2018. Ya tsaya a 2020, aka sake tayar da shi a 2024. Layin kuma ya nufi Idu da filin jirgin sama da Kubwa, bai bi ta Nyanya da Mararraba ba, inda cunkoson ya fi tsanani.

Akwai kuma 'yan asalin wurin, wato Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, da Koro da Gade da Gwandara da sauransu. Da farko an ce za a kwashe su duka a sake musu matsuguni a wajen yankin. Da aka ga kuɗin ya yi yawa sai aka fasa, aka ce sai wanda gini ya iso kansa. Ƙauyukansu da dama suka zauna cikin rashin tabbas, birni ya cinye gonakinsu, su kuwa ba a kai musu abin da birni ke da shi ba.

Uzurin Rashin Kuɗi

Masu kare hukuma za su ce ai ba da gangan ba ne. An zana Abuja lokacin da kuɗin mai ke kwarara, sa'an nan farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu, ga shirin gyaran tattalin arziki na 1986. Za su ƙara da cewa babu mai tsarin da ya isa ya hana Ɗan'adam bin inda abinci yake. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta wanke kowa ba. Kuɗin da aka samu an zaɓi inda aka zuba shi, kuma tsakiyar birni ce ta sha romon. Bugu da ƙari, matakin farko na tanadi ba shi ne mai tsada ba. Auna hanya a kafa mata turaku, da keɓe filin makaranta da na maƙabarta, da hana gini a kan kwari, duk ba sa bukatar dukiya mai yawa. Suna bukatar hukumar da za ta iya ce wa mai ƙarfi a'a. Sarakunan Kano na dauri ba su da man fetur, amma da suka yi ganuwa, har Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, sai suka kewaye gonaki da fili mai yawa a ciki, domin sun san gari girma yake yi.

Abin Da Ya Kamata

Darasin nan bai tsaya ga Abuja ba. Ya shafi Dutse da Birnin Kabi da Damaturu da suka zama manyan biranen jihohi a 1991, da Gusau da Lafiya a 1996, ya kuma shafi duk ƙauyen da aka kai wa jami'a ko masana'anta. Kafin a fara, a ƙidaya har da masu hidima da 'yan ci-rani, a ware musu wurin zama kusa da wurin aiki. Kada a ba da fuloti a inda titi da ruwa da magudana ba su kai ba. Kamfanin da zai gina rukunin gidaje ya ci riba, a ɗora masa wani kaso na kuɗin hanya da bututun da gidajen nan za su bukata. Inda gari ya tsallake iyakar jiha ko ƙaramar hukuma, a kafa hukumar haɗin gwiwa mai asusu ɗaya. A kuma zauna da dagatai da masu unguwanni, domin su suka san inda ruwa ke bi da damina tun kafin a zo da taswira. Sa'an nan duk abin da aka gina a tanadar masa kuɗin gyara a kasafin kowace shekara.

Kammalawa

Abuja ta nuna cewa Nijeriya ba ta rasa masu zane ba, abin da ta rasa shi ne haƙurin bin zanen daki-daki, da adalcin tunawa da ƙaramin ma'aikaci. Ba a auna nasarar birni da tsawon benayensa. Ana auna ta da ƙarfe nawa masinja ke tashi don ya isa ofis, da kuma inda matarsa ke ɗebo ruwa. Ɗaliban da ke aji yau, su ne gobe za su riƙe alƙalamin rabon filaye a ma'aikatu da ƙananan hukumomi. Allah ya sa su fafe gora tun tafiya ba ta zo ba.