Ba Mashayi Kaɗai Sankarar Hanta Ke Kamawa Ba

Mai karatu, akwai maganar da na gaji da jinta a tagar ba da magani. Da zarar likita ya ce mutum yana da sankarar hanta, sai dangi su fara raɗa: "Ashe Malam yana taɓa kwalba a ɓoye?" Wannan zato zalunci ne ga majinyaci, kuma masu yinsa kansu suke yaudara, domin suna komawa gida da tabbacin cewa tunda ba sa sha, hantarsu ta tsira.

Ba wanke giya nake yi ba. Tana cin hanta sannu a hankali har ta taurare, daga nan sankara ke samun gindin zama, kuma burukutu bai fi ta kwalba sauƙi ba. Amma a ƙasashenmu akwai manyan masu laifi biyu da ke shiga gidan liman kamar yadda suke shiga gidan mashayi.

Na farko ƙwayar cutar hanta nau'in B. Galibi tun ana ƙarami ake ɗaukarta, daga uwa wajen haihuwa ko ta askar wanzami da ba a tsabtace ba, ta yi shekara ashirin ko talatin a jiki ko ciwon kai babu. Na biyu yana cikin rumbunka: gubar aflatoksin, wadda funfuna ke fitarwa a gyaɗa da masarar da aka adana ba su gama bushewa ba. Tafasa ba ta kashe ta, suya ma haka. A Kenya, cikin 2004, masara mai wannan guba ta hallaka mutum 125. Idan kuwa ta tarar da cutar B a jiki, haɗarin sankara ya zama ninkin-ba-ninki.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne a tsince gyaɗa mai kyau a kai kasuwa, ruɓaɓɓiyar kuma a sayar da araha, ta koma ƙuli-ƙuli da kunun yara, wai ana tattali. Zubar da ita. Ko saniyar tatsa kada ka ba wa, domin gubar tana biyo madara.

Je a gwada jininka, kai da iyalinka. Idan babu cutar, akwai rigakafi. Tun 2004 Najeriya ta sa shi cikin alluran jarirai, kuma ta farko cikin awa 24 da haihuwa ake yinta, kada a jira ranar suna. Idan akwai, likita ne zai duba ko kana buƙatar magani irin tenofobir. Mai lasifika a tasha da jarkar jiƙo bai taɓa gwada hantar kowa ba.